Jatan Lande Da Tafarnuwa Da Man Shanu: Girkin Da Ba Ya Son Daɗewa A Wuta

A yawancin gidajen ƙasar Hausa, ana gane gwanintar mai girki ne ta wajen irin haƙurin da ta yi da tukunya. Naman kai ko ƙafar saniya sai sun kwana a murhu, ganda sai ta yi laushi tuɓus, ita kuwa miya ba a yarda ta nuna ba sai an ga mai ya taso samanta. Wannan tarbiyya tana da amfaninta, amma ita ce kan ja wa mutane hasara ranar da suka fara gwada dafa ɗanyen jatan lande. Shi wannan ɗan halitta na teku minti huɗu zuwa biyar sun ishe shi nuna, kuma duk abin da aka ƙara a kan haka tauri zai jawo masa, har ya koma kamar ana tauna roba.

Jama'ar Arewa sun daɗe da sanin jatan lande, amma busasshensa suka sani, watau ƙanana-ƙananan nan da ake kira kirafish, waɗanda fatake ke kawowa cikin buhuna daga garuruwan bakin teku irin su Oron da Ibeno na Jihar Akwa Ibom, ana dakawa a zuba cikin miya ko dafa-duka. Ɗanyensa mai girman yatsa ko fiye, wanda ake soyawa a ci shi kansa kamar nama, galibi ma'aikatan gwamnati da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Ikko ko Fatakwal ko Kalaba su ne suka fara cin karo da shi, sai kuma ɗaliban da karatu ya kai ƙasashen waje. Yanzu kuwa akan same shi a daskare cikin manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja. Da yake kuɗinsa ba kaɗan ba ne in aka gwada da albashin ƙaramin ma'aikaci, ɓata rabin kilo guda saboda rashin sani abin takaici ne ƙwarai.

Wata hanya mai sauƙi, wadda kuma ta yaɗu a duniya, ita ce a soya shi da man shanu da tafarnuwa. A ƙasar Italiya akwai wani ɗan uwan jatan lande mai ƙahonni da ake kira sikamfi, wanda mutanen bakin teku ke soyawa da man zaitun da tafarnuwa. Tsakanin shekarar 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan huɗu suka yi ƙaura zuwa Amurka. Da suka tarar babu irin nasu a can, sai suka maye gurbinsa da jatan lande, aka kuma shigo da man shanu cikin girkin, amma sunan na asali ya bi abincin har yau. Mutanen Sifen su ma suna da nasu, wanda suke yi cikin ɗan kaskon yumɓu da man zaitun da tafarnuwa da busasshen barkono, a kawo shi gaban mai ci yana tafasa. Turawa kan ɗiga barasa cikin romon, amma ruwan lemon tsami yana yin wannan aiki sarai, ba tare da girkin ya rasa kome ba.

Abin lura shi ne, duk kayan wannan girki na Turawa akwai su a Nijeriya, kuma biyu daga cikin ukun Arewa ce gidansu. Tafarnuwar da ake nomawa da rani a fadamun Wurno da Goronyo na Jihar Sakkwato ƙananan 'ya'ya gare ta, tana da wuyar ɓarewa, amma ta fi manya-manyan nan farare da ake shigowa da su daga ƙasar Sin ƙarfin ƙamshi. Man shanu kuwa matan Fulani sun riƙe sana'arsa tun kaka da kakanni. Shi jatan landen kansa, ƙasar nan tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma jiragen ruwa na kamun kifi da ke tashi daga Ikko suna kamo shi a mashigin tekun Gini, a daskarar da shi tun cikin jirgi, a tura mafi yawan manyan zuwa ƙasashen Turai. Tun 1975 akwai Cibiyar Binciken Teku da Halittun Ruwa ta Nijeriya a Ikko, wadda ke nazarin irin wannan arziki. Ta fuskar addini kuma, ga mai kokwanto, mazhabar Malikiyya da ake bi a wannan yanki ta halatta cin dukan dabbobin ruwa. A wajen malaman Hanafiyya ne aka sami saɓani game da jatan lande.

To, amma kafin a kai ga maganar kasko, akwai maganar saye, kuma a nan ne lafiyar iyali take. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kilomita dubu ce ko kusa da haka, a cikin ƙasar da ɗauke wutar lantarki ba baƙon abu ba ne. Jatan lande yana cikin abincin da suka fi saurin lalacewa, musamman ma wanda aka bar shi da kansa, domin a cikin kan ne kayan cikinsa suke, kuma daga nan ruɓewa take farawa. Daskararre yana bukatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigired. Idan aka ɗauke wuta ya narke, aka dawo da ita ya sāke daskarewa, to ledar za ta tona asirin kanta: za a ga ƙanƙara ta taru jibge a ciki, su kuma jatan landen sun manne da juna sun zama dunƙule guda. Mai kyau yakan kasance a warwatse, ɗaya-ɗaya, yana ƙara idan aka girgiza ledar. Bayan ya narke kuma, hanci shi ne alƙali. Lafiyayye ƙamshin ruwan gishiri kawai yake yi, namansa da ƙarfi, yana ɗan sheƙi. Wanda ya fara zarni irin na fitsari, ko ya yi yauƙi, ko naman ya saki ya yi laɓo-laɓo, zubarwa ya kamata, kome tsadar da ya yi. Gaskiya ne wuta tana kashe ƙwayoyin cuta irin su bibiriyo, dangin wadda ke haddasa kwalara, waɗanda kan zauna cikin ruwan teku mai ɗumi. Amma daɗewa a wuta ba ya gyara naman da ya riga ya ruɓe, kuma yawan tafarnuwa ɓoye warin kawai zai yi.

A jikin leda akan ga lambobi kamar 21/25 ko 31/40. Wannan yana nufin adadin jatan landen da ke cikin laba ɗaya, watau giram 454, saboda haka ƙanƙantar lamba ita ce girman jatan lande. Ga wannan girki, matsakaita daga 21 zuwa 30 sun fi dacewa. A kuma kula kada a sayo wanda aka riga aka dafa, wanda ake ganewa da launinsa ja-ja tun yana cikin leda. Ɗanye ruwan toka ne.

Hanyar narkar da shi ita ce a sa shi cikin firiji tun daren jiya. Wanda ya yi sauri sai ya tsoma ledar a ɗaure cikin kwanon ruwan sanyi na minti ashirin zuwa talatin. Ruwan zafi ba ya cikin lissafi, haka nan ajiye shi a rana ko kan tebur. Ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce kada irin wannan abu ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa ɗaya ce, kuma kowa ya san yadda Sakkwato da Maiduguri suke a watan Afrilu. Da ya narke sai a cire kai, a ɓare ɓawon, a bar ɗan jelar in ana so. Daga nan a tsaga bayansa kaɗan da bakin wuƙa a zare baƙin zaren nan da ke kwance a ciki, wanda hanjinsa ne, kuma a manya yakan ɗauki yashi. A ɗauraye, sa'an nan a tsane shi sosai da tsabtataccen ƙyalle. Wannan tsanewa ba ƙaramin abu ba ce, domin jiƙaƙƙen jatan lande idan ya shiga kasko ruwa zai fitar, ya dahu cikin tururinsa maimakon ya soyu.

Ga rabin kilo, ana bukatar man shanu babban cokali uku, da 'ya'yan tafarnuwa shida in manya ne, ko goma sha biyu in 'yar Sakkwato ce, da rabin lemon tsami, da gishiri, da masoro, da ɗan jan barkono ko attarugu guda, da lawashin albasa. Maganar man tana bukatar bayani. Abin da jama'a ke kira bota a kanti, irin su Blue Band, daga man tsirrai ake yin sa, kuma ba zai ba da ƙamshin da ake nema ba. Botar gaskiya daga madarar shanu take, kashi 80 cikin ɗari nata mai ne, sauran kuwa ruwa ne da ɗan dusar madara. Wannan dusa ita ce mai saurin ƙonewa, shi ya sa bota kan fara hayaƙi tun zafi bai wuce digiri 150 zuwa 175 ba. Soyayyen man shanu na gida an riga an ƙone ruwansa an tace dusar, don haka yana jure zafi har kusan digiri 250. Ashe ke nan uwargida ta Arewa tana da abin da masu dafa abinci na Turai sai sun tsaya sun tace kafin su samu. Dabara ita ce a soya da soyayyen man shanu cokali ɗaya, a ajiye bota ko sabon man shanu mai sanyi cokali biyu don ƙarshe. Man da ya daɗe har ya fara ƙauri ko tsami zai danne ɗanɗanon jatan landen, gara a nemi na kwana-kwanan nan.

Ita ma tafarnuwa tana da nata hali. Ƙamshinta ba ya fitowa sai an yanka ko an daka ta, domin a lokacin ne sinadarai biyu da ke rabe a cikinta suke haɗuwa su haifar da wani da ake kira alisin, wanda wani masani a Amurka mai suna Chester Cavallito da abokin aikinsa suka fara warewa a 1944. Gwargwadon laushin daka, gwargwadon ƙarfin yaji, kuma gwargwadon saurin ƙonewa. Tafarnuwar da ta ƙone ɗaci take yi wanda ba shi da magani. Saboda haka ya fi kyau a yanka ta ƙanana da wuƙa bisa ga a kirɓa ta a turmi, kuma kada ta riga jatan lande shiga kasko, sabanin yadda aka saba fara miya da soya albasa da tafarnuwa.

Tun da aikin na 'yan mintoci ne, sai an haɗa kome a kusa kafin a kunna wuta, shinkafa ko taliyar da za a ci da shi ma ta riga ta sauka. A barbaɗa wa jatan landen gishiri da masoro. A ɗora kasko mai faɗi a wuta mai ƙarfi, ko gas ko risho ko gawayi, a zuba man, idan ya yi zafi a jera su ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya hau wani ba. Idan kaskon ƙarami ne a yi sau biyu. A ƙyale su ba juyi har minti ɗaya da rabi zuwa biyu, sa'an nan a juya kowanne. A nan ne za a ga launin toka ya koma ja mai haske. Dalili shi ne, jan launin yana jikinsa tun asali, wani sinadarin gina jiki ne ya rufe shi, zafi kuma ya warware rufin. Bayan an juya sai a rage wuta, a zuba tafarnuwa da barkono a tsakiya, a motsa na kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, har ƙamshi ya tashi amma ba ta yi ja ba. A matse lemon tsami, a sauke kaskon, a jefa man nan mai sanyi a yi ta jujjuyawa har ya narke ya haɗu da ruwan lemon ya zama romo mai ɗan kauri. A watsa lawashi.

Mai girki yana da alamu biyu da zai dogara da su. Na farko, naman ya tashi daga mai garai-garai ya koma fari har tsakiya, wanda ya yi daidai da zafin digiri 63 da masana suka tsayar. Na biyu, siffarsa: wanda ya nuna daidai yakan lanƙwashe kamar jinjirin wata, wanda ya wuce kuwa yakan naɗe kansa ya taɓa jela kamar zobe. Naman jatan lande ba shi da kitse ko jijiyoyi irin na saniya waɗanda doguwar dahuwa ke narkarwa, don haka zafi matse shi kawai yake yi ya fitar da ruwan jikinsa. A tuna kuma zafin kasko yana ci gaba da dafa shi bayan an sauke, saboda haka a juye a kwano nan take.

Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar jatan lande da kaguwa da danginsu. Alamun sukan bayyana cikin ɗan lokaci: ƙaiƙayi, ko borin jini, ko kumburin leɓe da harshe, ko amai. Idan abin ya kai ga sarƙewar numfashi to asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba, domin yana iya kisa. Dahuwa ba ta kawar da wannan, kuma wanda kirafish ke tayar wa da ƙaiƙayi ya nisanci ɗanyen ma. Ya kamata mai masauki ya tambayi baƙinsa kafin ya ajiye musu.

Rabin kilo yana isar mutum uku idan aka haɗa da farar shinkafa ko taliya, ko burodi mai ɗan tauri da za a riƙa dangwalar romon da shi. Abin da ya rage a sa a firiji nan da nan, a ci washegari, a ɗumama shi sama-sama a ƙaramar wuta. Ɓawo da kawunan da aka cire kuwa, in sabbi ne, ba na zubarwa ba ne. Akan soya su da ɗan mai da albasa har su yi ja, a zuba ruwa kofi uku, a bar su su tafasa na minti ashirin, a tace, a dafa shinkafa da ruwan.