Sashen da Ake Yi wa Kallon 'Yan Ƙwallo

Ana idar da sallar asuba ɗaliban sashen ilimin motsa jiki da lafiya na wata jami'a a Arewa suke hallara a filin wasa. Dole ce ta sa. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, duk wanda ya bari hantsi ya dubi ludayi bai gama zagayensa ba, jikinsa zai gaya masa. Da hunturu kuwa ga ƙura ga sanyi mai fasa leɓe. Mata ma suna cikin layi da dogon wando da hijabi, malamin kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

P.H.E. ake ce wa sashen, su kuma 'yan ciki ana tsokanarsu da 'yan ƙwallo. A gida ma ba su tsira ba, don ba a rasa kawun da zai tambaya ko tamaular ma sai an yi shekara huɗu a jami'a.

Da kawun zai leƙa aji da ya sauya magana. Ɗalibi na haddace ƙasusuwa 206 na jikin baligi, da sunan tsokar da ke motsa kowace gaɓa. Yana gama gudu zai ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu, ya rubuta. Ranar shata filin tsere ake gane wanda ya iya lissafi: zagaye ɗaya mita 400 ne, faɗin kowane layi mita 1.22, kuma sai an gusar da mai layi na biyu gaba da kusan mita 7, in ba haka ba an cuce shi tun kafin a busa usur. Haka za su wuni da igiyar awo da bokitin farar ƙasa, su koma ɗaki fari fat.

Langa da dambe da kokawa su ma ana nazarinsu, tunda sun samu gurbi a bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas a 1973. Wanda ya yi fice a guje-guje kuwa burinsa gasar jami'o'i ta NUGA.

Darasin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne na shaƙatawa da kula da wuraren hutawa, alhali ga Yankari nan a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ruwan Wikki kuma yana nan da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina. Baƙo wanka ya je yi da kallon giwaye. Ɗalibin wannan sashe tambayoyi ne a kansa: mutum nawa ruwan zai ɗauka a lokaci guda, wa zai tsamo yaron da ya nutse, ina sharar ranar Sallah za ta?

Da sun karɓi takardar shaidar kammala karatu, yawancinsu koyarwa suke kamawa, wasu alƙalancin wasa, wasu horar da masu kuɗi a ɗakunan motsa jiki. Ana cikin haka filayen unguwanni na ta komawa fuloti da shaguna, hawan jini da ciwon suga na ƙara cika asibitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, amma magidanci a tsakiyar birni ina zai yi shi, bakin titi cikin hayaƙin adaidaita sahu? Ya kamata hukumomin tsara birane su riƙa ɗaukar waɗannan matasa aiki, a zauna da su kafin a yanka sabuwar unguwa.