Kribi: Teku Ba Kogin Garinmu Ba Ne

Yau Kribi za mu leƙa, a kudancin Kamaru. Daga Duwala tafiyar wajen awa 3 ce a mota. Kimanin kilomita 7 kudu da garin, kogin Lobe ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atlantika. Wallahi wurin ya haɗu: ga yashi, ga bishiyoyin kwakwa, ga gasasshen kifi.

Amma fa teku ta kusa cinye ni. A kogi na koyi iyo, na ɗauka na iya ruwa. Ina shiga sai na ji ana jana ciki. Wani masunci ne ya tsamo ni, ya yi min bayani: ruwan da igiya ta turo bakin gaɓa yakan koma da ƙarfi ta wata siririyar hanya. Wurin yakan yi kamar a kwance, nan ne tarkon. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, gajiya ce ke kisa. Yi iyo gefe, a layin gaɓa, ka ɗaga hannu a gan ka.

Kafin ka shiga, tambayi masunta tukuna. Sai mun haɗu a shiri na gaba.