Gargaɗi: Agogon da Ba Mu Iya Saitawa Ba Yana Riƙe da Ruwanmu

Jama'ar Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, a saurara. Wata ɓarna tana shigo mana da sunan ci gaba, mun kuma zuba mata ido.

Rijiyoyin burtsatse sun yawaita. Tankuna sun miƙe a unguwanni. Masana'antun ruwan leda da gonakin rani na bakin Kogin Gari da madatsar ruwa ta Kazaure duk da bawul suke aiki. Yanzu ana ɗaura wa bawul ƙaramin agogon lantarki, wanda masu aikin wuta ke kira taima, don ya buɗe ruwa ya rufe a kan lokaci ba da hannun mutum ba.

Na'urar ba ta da laifi. Laifin yana ga irin wadda ake sayo mana: mafi arha a kanti, marar batir, mai takardar bayani da babu mai iya karanta ta a wurin aikin.

Kowa ya san halin wutarmu. Ta zo, ta ɗauke. Taima marar batir idan wuta ta ɗauke, mantawa yake da lokaci. Wuta ta dawo, ya fara lissafi daga farko. Bawul ɗin da ya kamata ya buɗe da asuba sai ya buɗe da tsakar dare. Tanki ya yi ambaliya, ruwa ya kwana yana malala a ƙasa. Da safe mata da yara su jera jarkoki a gaban famfon da ya bushe.

Akwai matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Wutar Nijeriya bugu 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60. Agogo mai juyawa da aka ƙera don wutar Amurka, idan aka jona shi a nan, minti 10 yake ci baya a kowace awa. Awa 4 ke nan a kwana ɗaya. Manomin tumatir ya saita ban ruwa da yamma, washegari agogon ya yi baya nesa. A kan janareta kuwa abin ya fi muni, domin bugunta hawa da sauka yake yi.

Wasu kuma kai tsaye suke jona injin famfo a jikin taima, babu kwantakta, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar injin, a tsakani. Inji idan zai tashi yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake sha yana tafiya. Ƙarfen cikin agogon ya narke ya manne. Inji ya ƙi tsayawa, ya yi ta gudu babu ruwa har ya ƙone. Kuɗin da al'umma ta yi karo-karo ta tara ya tafi a dare ɗaya.

Bawul mai rufewa farat ɗaya shi ma makashin bututu ne. Ruwan da ke gudu ya daki rufaffiyar ƙofa, mahaɗai su saki.

Bututun da ya tsage, aka bar shi babu ruwa a ciki, tsotsar dattin kwata yake yi. Idan ruwa ya dawo, dattin nan ne zai fara isa randunan gidajenmu. Ba mu manta da annobar kwalara ta 2021 ba, wadda Jigawa ke cikin jihohin da ta fi yi wa illa. Da ran 'ya'yanmu ake wasa.

Wanda ya ga tanki yana ambaliya ya wuce bai tanka ba, da hannunsa a ɓarnar.

Ya zama wajibi kowane taima da za a saka ya kasance da batir a ciki, mai riƙe lokaci da jadawali ko wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba.

Ya zama wajibi ya kasance mai sauƙi. Wanda ke kwana da injin shi ne ma'aunin, ba injiniyan da ya zo daga Kano ya koma da la'asar ba. Idan mai kula da famfo bai iya sauya lokacin da kansa ba bayan an nuna masa, a mayar da na'urar. A rubuta jadawalin da Hausa, boko ko ajami, a manna a jikin akwatin.

Ya zama wajibi a sami makunnin hannu, da bawul na hannu a gefe, don ranar da agogo zai mutu kada gari ya kwana da ƙishi. Akwatin kuma ya zama mai hana ƙurar hunturu da feshin damina shiga, a inuwa, nesa da zafin watan Afrilu.

Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure. Muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, wadda aka kafa a 2021. Abin kunya ne a ce da waɗannan a ƙofarmu, famfon ƙauye yana jiran mai gyara daga wata jiha. Ya zama wajibi su horar da matasanmu wannan aiki.

Ya zama wajibi hakimai, dagatai, kwamitocin ruwa da ƙananan hukumomi su daina karɓar aiki da ka. Kafin a biya ɗan kwangila ko sisi, a kashe wutar a gaban jama'a, a jira, a mayar, a duba agogon. Idan lokaci ya kauce, ya cire kayansa ya kawo wani.