Tsofaffin faifai da kaset: abin da ake yasarwa a gida, ake nemansa a waje

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai akwatin tsofaffin kaset ko faifan garmaho da aka jibge a lungu tun da wayar salula ta karɓe aikin rakoda. Wasu sun ƙare a hannun ƴan gwanjo, wasu a bola. Amma a Turai da Amurka kasuwar faifai ta farfaɗo: a shekarar 2022, yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karon farko tun 1987. Wannan ya sa masu tara tsofaffin waƙoƙi ke ratsa Afirka ta Yamma suna bin kasuwanni da gidajen rediyo.

Labarin Mamman Sani ya isa misali. A 1978 ya naɗi kiɗansa na ogan mai lantarki a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka fitar da kaset kaɗan. Bayan fiye da shekaru 30, Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiyar waƙoƙi a Yamai. Ya nemi mai kiɗan, aka sake buga aikin a faifai a 2013, kuma daga nan aka soma gayyatar Mamman Sani wasa a Turai. Da kaset ɗin ya lalace, da ƙila duniya ba ta ji shi ba.

Mene ne ke sa faifai daraja? Tsufa kaɗai bai isa ba. Masu saye suna duba ƙarancinsa, wato ko kaɗan aka buga, sannan lafiyarsa da ta kwalinsa. Faifan wani shahararren mawaƙin Faransa da aka buga da yawa bai kai na ƙaramar ƙungiyar kiɗa ta yankinmu ba.

Wanda zai saya sai ya ɗaga faifan ga haske. Ƙarzar da farce ke ji, allura ma za ta ji ta. A ɗora shi a shimfiɗaɗɗen wuri a ga ko ya lanƙwashe, domin zafi ne babban abokin gabarsa. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da ƙura. Kaset kuwa, a duba zarensa ko ya yi fumfuna ko ya manne. Tsohuwar rakodar da ta ƙi juyawa, sau da yawa robar da ke jan injin ce ta saki, kuma mai gyaran rediyo na iya canja ta.

Akwai kuma batun haƙƙi. Sayen kaset ba ya ba mutum ikon sake buga waƙar, wannan na mawaƙin ne ko magadansa, kuma hukumar BNDA ce ke kula da shi a Nijar. Don haka kafin a rabu da akwatin tsohon gida, a fara kwafe abin da ke ciki a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da shekara. Wani kaset ɗin, shi kaɗai ya rage.