Yadda shafukan intanet ke ci gaba da aiki idan kwamfutarsu ta mutu

Duk lokacin da mutum ya buɗe wani babban shafi a intanet, ko ya tura kuɗi ta manhajar banki, ba kwamfuta ɗaya ce ke jiran buƙatarsa ba.

Akwai manyan kwamfutoci da dama, waɗanda ake kiran kowaccensu uwar garke, kuma a gabansu akwai wata na'ura ko manhaja da ke raba musu kaya.

Aikinta ya yi kama da na ɗan kamasho a tashar mota, wanda ke nuna wa fasinja motar da zai shiga, idan kuma wata ta lalace ya juye mutanenta cikin wata. Bambancin shi ne ɗan kamasho yana ganin motar da idonsa. Ita kuwa na'urar sai dai ta yi tambaya ta saurari amsa, kuma masu kula da ita ne ke tsara mata lokacin da za ta ɗauki shiru a matsayin mutuwa.

Gwajin lafiya

A manhajar HAProxy, wadda wani Bafaranshe mai suna Willy Tarreau ya ƙirƙira, idan aka kunna gwajin lafiya ba tare da an sauya komai ba, ana tuntuɓar kowace uwar garke bayan daƙiƙa 2. Idan ta gaza amsawa sau 3 a jere sai a cire ta daga layi, kuma ba za a mayar da ita ba sai ta amsa daidai sau 2.

Ita kuma Nginx ta kyauta tana lura ne da buƙatun jama'a na gaske. Gazawa ɗaya ta isa a jingine uwar garke na daƙiƙa 10. A duka manhajojin biyu ana iya ware wata a matsayin ta ko-ta-kwana, wadda ba a ba ta aiki sai sauran sun faɗi.

Ita kanta mai raba kayan takan zama biyu. A tsarin VRRP, wadda ke bakin aiki tana sanar da 'yar'uwarta cewa tana raye kowace daƙiƙa, kuma idan aka yi kimanin daƙiƙa 3 ba a ji ɗuriyarta ba, ta biyun ta karɓi adireshin.

Waɗannan alƙaluma dai ba su da wuyar sauyawa. Wahalar tana wajen zaɓe. Idan aka tsawaita lokacin jira, jama'a za su yi ta cin karo da matacciyar kwamfuta. Idan aka gajarta shi fiye da kima, za a kori mai rai don kawai ta yi jinkirin amsawa saboda yawan aiki, a ɗora kayanta kan sauran.

Misali, uwayen garke 4 da kowacce ke amfani da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, idan aka cire ɗaya, sauran ukun za su buƙaci kusan kashi 107. Su ma sai su fara jinkiri, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana cirewa.

Daƙiƙa 43

Kamfanin GitHub na Amurka, inda masu rubuta manhajoji ke ajiye ayyukansu, ya ɗanɗana kuɗar gaggawa a ranar 21 ga watan Oktoban 2018.

A lokacin da ake sauya wata na'ura, sadarwa ta yanke da babbar cibiyarsa da ke gabashin ƙasar na tsawon daƙiƙa 43 kacal. To amma kafin ta dawo, tsarin da ke lura da rumbunan bayanai ya riga ya miƙa jagoranci ga cibiyar da ke yammaci.

Sai ya zamana kowace cibiya tana riƙe da wasu bayanai da ɗayar ba ta da su. Daidaita su ya sa kamfanin ya shafe sa'o'i 24 da minti 11 yana ɗingishi.

Idan kowa ya janye

Abin da ya sami Facebook da WhatsApp da Instagram a ranar 4 ga watan Oktoban 2021 ya fi haka girma, domin kusan sa'o'i shida aka yi ba sa aiki a duk faɗin duniya.

A bayanin da kamfanin ya fitar, ya ce wani umurni da aka bayar yayin duba layukan da ke haɗa cibiyoyinsa ne ya katse su baki ɗaya, kuma manhajar da ya kamata ta tare umurnin tana da nata kuskuren.

An tsara kwamfutocin da ke nuna wa duniya adireshin Facebook ne ta yadda duk wadda ta kasa jin cibiyoyin za ta ɗauka ita ce ba ta da lafiya, ta janye kanta domin wata ta maye gurbinta. Dabarar tana da kyau idan ɗaya ce ta sami matsala. A ranar kuwa dukkansu ne suka janye lokaci guda, alhali lafiyarsu lau, kuma babu wadda ta rage da za a miƙa wa aikin.

Saboda irin wannan hatsari ne wasu masu raba kaya ke da ƙa'idar daina yarda da gwajin nasu. Manhajar Envoy, wadda aka samar a kamfanin Lyft, idan ta ga waɗanda suka ci gwaji ba su kai rabi ba, sai ta yi watsi da sakamakon ta raba aiki ga kowa, bisa hujjar cewa tura buƙata wurin da ake shakka ya fi a ƙi tura ta ko'ina.

Dawowa ma tana da nata sharaɗin. Uwar garken da ta farfaɗo, idan aka jibga mata cikakken kaya nan take, tana iya sake durƙushewa, shi ya sa HAProxy ke da zaɓin ƙara mata aiki sannu a hankali.

Facebook ya ce a lokacin katsewar, wutar lantarkin da wasu cibiyoyinsa ke sha ta ragu da gomman megawat, kuma injiniyoyinsa sun ji tsoron kunna komai lokaci guda zai iya lalata kayan wutar. Don haka suka riƙa ƙara nauyin a hankali, suna dogaro da atisayen da suka saba yi, inda ake kashe cibiya guda da gangan domin a ga yadda sauran za su ɗauki kayanta.