Hunturu Ya Shigo, Yara Suna Gida

Ba sai an duba kalanda ba. Ran da uwargida ta goge tebur da safe, kafin azahar ƙura ta sāke rufe shi, ran nan kowa ya sani hunturu ya shigo. Mu a nan Jos mukan fara ganin alamarsa wajen ƙarshen Nuwamba. Duwatsun Shere da muka saba hange sai su ɓace cikin hazo, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, a shiga neman kwalbar man kaɗanya inda aka ajiye ta bara.

Yaran ajinmu sukan tambaye mu inda ƙurar nan take fitowa. Baƙuwa ce daga nesa. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Dā can babban tafki ne ya rufe wurin, da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas ce take kwaso ta, ta watsa mana, wata ma har ta haye tekun Atlantika. Sanyin kuwa, dalilinsa shi ne iskar busasshiya ce, babu girgije da zai riƙe zafin rana, da dare ya yi sai zafin ya tsere sama. Ga shi kuma Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Shi ya sa a Disamba da Janairu, da asuba, ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 10.

Kafin mu ci gaba, ga gargaɗi guda wanda ba za mu gaji da yi ba. Kada a shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Mai barci ba ya jin ta, ba ya kuma farkawa ya nemi taimako. A ji ɗumi a waje, a bar kaskon a waje, a ƙara bargo. Janareta ma haka, kada a kai shi kusa da taga.

To, cikin wannan yanayi ne ake rufe makaranta, yara su koma gida wajen mako uku. Abin da muke so mu duba tare da ku iyaye shi ne yadda makonnin nan suke wucewa.

Bari mu fara da hoto, gama nan ne muka sha namu baƙin cikin. Sa'ad da muke yara, ran Kirsimeti bayan an tashi daga sujada, sai a tasa mu gaba cikin sababbin kaya zuwa shagon mai hoto. Akwai labule da aka zana gidan bene a jiki, akwai kujera guda, mahaifinmu ya zauna, mu kuwa mu jeru kamar sojoji. Wanda yake da kyamara tasa, fim ɗinsa hoto 36 ne, ba ya ɓarnatar da ko ɗaya. Sai a jira kwanaki kafin a wanke. Hotunan ba su da yawa, amma har yau suna nan cikin akwati.

Yanzu fa? A rana guda 'yarmu takan ɗauki hoto fiye da wanda aka yi wa kakanta dukan kwanakinsa. Amma ina suke? 'Yan shekarun baya aka zare wayar uwargida daga jaka a tashar mota, muna dawowa daga hutu. Ba kuɗin wayar ne ya dame mu ba. A cikinta ne akwai hoton mahaifiyarmu zaune a kan tabarma da jikokinta duka kewaye da ita, abin da bai taɓa faruwa ba kafin ran nan, bai kuwa sāke faruwa ba, gama ta rasu kafin wani hunturu ya zagayo. Mun yi ta cewa za mu kai a wanke, gobe, jibi. Laifinmu ne, ba mu da wanda za mu ɗora wa. Autanmu yana tambaya yadda kamannin kaka yake, mu kuwa sai mu nuna masa hoton da aka yi mata tana amarya, wanda bai yi kama da tsohuwar da ta goya shi ba.

Tun daga nan muka yi wa kanmu doka. Kafin a koma makaranta, a zaɓi hoto biyar, biyar kawai, a kai a wanke. A kai na asalin da yake cikin wayar da ta ɗauka, domin wanda aka tura ta WhatsApp sau da yawa yakan rage kyau, manhajar tana matse shi. A bayan kowane hoto a rubuta sunayen mutane da wuri da shekara, da fensir, gama tawadar biro takan ratsa takarda. Kada ku ce ai kowa ya san su. Jikanku ba zai sani ba. Sa'an nan a wanke biyu biyu, a aika da ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. Mu mutanen Jos mun koyi wannan da wuya. A rikicin 2001 da na 2008 gidaje sun ƙone da dukan abin da yake ciki, waɗanda kuwa suka sāke ganin fuskar iyayensu a takarda, a hannun 'yan'uwa na nesa suka samo.

Wani abu kuma, kada dukan hotunan su zama na anko da murmushin dole. A ɗauki kaka tana tsince acca, a ɗauki yara sun dunƙule cikin bargo suna shan kunu. Irin waɗannan ne ake daɗewa ana kallo bayan shekara ashirin.

Sai karatu. Wannan kuwa mu malamai muna ganin sakamakonsa da idonmu kowane Janairu. Yaron da ya tafi hutu yana karatu sumul, sai ya dawo yana tuntuɓe a kan kalmomin da ya sani. Ba daƙiƙi ba ne, mako uku ne ya yi bai buɗe littafi ba. Daren hunturu kuwa dogo ne, sanyi ya kore kowa cikin ɗaki tun da wuri, babu lokacin da ya fi shi dacewa.

Ba muna nufin a ɗora wa yaro aikin makaranta ba. A ba shi labari, ya karanta da ƙarfi, kowa yana ji, minti goma sha biyar bayan tuwon dare. A gidanmu mun ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937. Abin dariya, shi ma akun da yake cikin littafin aikinsa ke nan, ya riƙe ɗan sarki a gida da labari kada ya fita. Nan muka gane wani abin da ya ba mu kunya. Yaranmu suna jin Hausa, suna karanta Turanci, amma ba su iya karanta Hausa ba. Da suka ga ƙ da ɗ da ɓ sai su tsaya cak. Kakanninmu da yawa kuwa da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, suka koyi karatu, ba su taɓa shiga aji ba. Cikin mako guda yaran suka saba. In akwai tsoho a gida wanda idonsa ya yi rauni, a sa yaro ya karanta masa. Tsohon zai gyara masa lafazi fiye da yadda mu za mu yi.

Samarinmu kuwa sun shiga gudu. Tun da duhu za ka ji takunsu a kan titi, hula har kunne. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, mai tsawon kilomita 42 da 'yan kai, wanda akan yi a Fabrairu, masu niyya cikin hunturu suke shiri, 'yan Filato kuwa sukan yi fice cikin 'yan Nijeriya. Tudu yana taimakonsu. Iskar bisa tudu ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini domin ya wadatu. Garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya suke horo, ya kai wajen mita 2,400, ninki biyu na Jos. Muna murna da wannan gudu, ya fi zaman banza. Sai dai ran da hazo ya yi kauri, mai ciwon fuka ya haƙura. A sa riga mai haske domin direba ya gani, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba, gama busasshiyar iska tana zuƙe jiki a ɓoye.

Masu kiɗa su ma suna da nasu da hunturu. Fatar ganga takan ɗaure har muryarta ta yi sama, in aka matsa mata ta fashe. Jita in an bar ta jingine a bango, katakonta ya bushe ya tsage, sai a mayar da ita cikin jakarta bayan an gama. Mawaƙa kuwa maƙogwaro ya bushe, ga waƙoƙin Kirsimeti ana ta bita kowace yamma. Ruwan ɗumi ne maganinsu. Tulun zumuntar mata ne kaɗai bai kula ba, ko damina ko rani muryarsa ɗaya. Mu dai in za a bi ta tamu, a rage ƙarar lasifika. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya guda ya riƙe ƙasa duka tana sauraro, kowace kalma kuwa ana jin ta.

Daren jiya an ɗauke wuta. 'Yarmu ta kunna fitila mai caji ta ci gaba da labarin aku, ƙanenta yana buga bayan kwano a hankali, har uwarsu ta ce ya bari. Ambulan na hotunan bana yana kan tebur, an zaɓi huɗu. Ana ta gardama a kan na biyar, ko na yaran da suka dawo daga gudu fari fat da ƙura, ko na kawunsu yana barci a kujera da littafi a ƙirji.