Maganin Taɓin Hankali da Abin da Yake Yi wa Jiki

'Yan'uwa, masu ciwon taɓin hankali da likitoci ke kira sikizofireniya sukan daina shan magani saboda wasu damuwoyi da yake kawowa a jiki. Da sun daina kuwa, ciwon yakan dawo. Shi ya sa muke so mu fahimci dalilin waɗannan damuwoyi.

A jikinmu akwai jijiyoyi masu aiki da kansu ba tare da mun ba su umarni ba. Su ne ke kula da bugun zuciya, da gudun jini, da yawu, da gumi, da narkar da abinci, da fitsari. Magunguna irin su Chlorpromazine, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, suna tare wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin, sai jin muryoyi da ruɗu su ragu. Amma sukan tare wasu saƙonnin waɗannan jijiyoyi ma.

Saboda haka, in mara lafiya ya miƙe da sauri, hanyoyin jini ba sa matsewa da wuri, jini ya sauka, jiri ya kama shi har ya faɗi. Baki yakan bushe, bayan gida ya yi tauri, fitsari ya yi wuyar fita, gani ya dushe. Haloperidol bai cika kawo waɗannan sosai ba, amma Artane da akan haɗa da shi yana ƙara bushewar baki da taurin bayan gida. Gumi ma yakan ragu, wannan kuwa haɗari ne a lokacin bazara.

Me za mu yi? Ya zauna a bakin gado kaɗan kafin ya tashi. Mu ba shi ruwa da yawa, da ganye kamar zogale, da 'ya'yan itace. Kada a tura shi gona da tsakar rana. Ya guji giya.

In jikinsa ya yi zafi ƙwarai, gaɓoɓi suka sandare, ya rikice, ko fitsari ya tsaya, ko ciki ya kumbura ba bayan gida, a kai shi asibiti nan take.

Kada mu tsayar da magani da kanmu. Mu faɗa wa likita abin da muka gani, yana iya rage shi ko ya canza wani.